Cleophus Gaddis da Motar da Ba Ta Sauri

Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da na Cleophus Gaddis, shi ma shingen ya kwanta tun shekarar da ruwa ya cinye gadar Sawyer Bend, kuma ba wanda ya ɗaga shi. Saboda haka kullum safiya in na ja labulen kicin, motar gawa nake fara gani. Wasu matan in sun tashi furanni suke gani. Ni kuwa doguwar baƙar Kadilak ce take juyo mini ƙeya, ƙofarta ta baya saitin tagata, kamar tana tambaya ko na gama shiri.

"Mista Gaddis," nakan ce masa, "ka juyar da ita ta kalli gidan Fasto mana. Shi ne kullum yake cewa ya ƙosa ya ga Ubangiji."

Shi kuma yana goge gilashi, ba ya ko ɗago kai. "Kwantar da hankalinki, Sista Verlene. Ke sai an yi sawu biyu. Na farko a kai ki, na biyu a dawo a ɗauki bakinki."

Haka muke da shi tun ina amarya a layin nan. Ni ban yi nisa a makaranta ba, auduga ta cire ni daga aji, daga baya kamfanin gyaran tarwaɗa ya cinye sauran ƙarfina. Amma abin da ya faru a tsakar gidan da ke jikin nawa ba sai da karatu zan faɗe shi ba.

Cleophus tun yana saurayi ya kama aiki a gidan jana'izar tsoho Merriweather. Ba ya wanke gawa, ba ya yi mata kwalliya, tuƙi ne kawai aikinsa. A wancan zamanin motar asibiti ba ta tsallako titin jirgi zuwa ɓangarenmu na baƙaƙen fata, ko mutum zai mutu a bakin ƙofa. Don haka motar Merriweather aiki biyu take yi. A kan tagoginta na gefe, can baya, akwai baƙaƙen fayafayan ƙarfe guda biyu, kowanne da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai sheƙi a jikinsa. In fayafayan suna ɗaure, gawa ce a ciki. In an kwance su tagogi sun bayyana, an ɗora jar fitila a kan rufi, to mai rai ne ake gudun asibiti da shi. Ko yaron goye a garin nan ya san bambancin. Ni kaina a cikinta na tafi haihuwar autana, tagogi a buɗe, ina zagin Cleophus tun daga ƙofar gida har asibiti saboda na ga wani kare ya wuce mu.

Domin mutumin nan bai iya sauri ba. Tafiyar jana'iza ta shige masa ƙafa, ta ƙi fita. A hankali yake tafiya, a hankali yake tauna, in yana ba ka labari sai ka je ka sauke tukunya ka dawo bai kai tsakiya ba. Matarsa Ola Mae ta ce ranar da ya zo neman aurenta ita ta ƙarasa masa maganar, don ta ga rana za ta faɗi.

Amma in ya ɗauko gawa, to nan ne za ka ga amfanin rashin saurin. Zai kunna fitilun gaba da rana tsaka, motocin dangi su jeru a bayansa, su ma da fitilu. Duk motar da ta hango shi sai ta sauka gefen titi ta tsaya. Maza su cire hula. Mai noma ya kashe tarakta. Har fararen fatan da ba su taɓa amsa gaisuwar mamacin ba yana da rai, sai ka gan su tsaye, hula a ƙirji. Kuma komai nisan zagayen, Cleophus sai ya bi da mutum ta ƙofar gidansa, ya taka birki, ya tsaya kamar tsawon numfashi ɗaya, ya sake yin haka a gaban coci, sannan ya nufi maƙabarta. Ya taɓa ce mini, "Wasu mutanenmu, ranar nan kaɗai aka taɓa ba su hanya a garin nan. Me zai sa in gaggauta musu ita?"

Da tsoho Merriweather ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan ga wani kamfani daga birni. Kamfanin ya zo da farar mota mai ƙofar zugewa, irin wadda ake rabon burodi da ita, da samarin direbobi masu duba agogo. Ba sa bi ta cikin gari, sabon titin da ya kewaye gari suke bi. Ba wanda yake tsayawa, don ba wanda ya san me ke ciki. Cleophus kuwa aka ce masa ya je ya huta, aka haɗa masa da tsohuwar motar tunda dama wurin masu gwangwan za a kai ta. Ita ce ta zo ta zauna a gaban tagata.

Ranar da aka binne Sista Beulah ta ƙungiyar mawaƙa ne maganar ta taso. Mun dawo, Ola Mae ta zauna a baranda ta cire takalmi, tana haki, don a lokacin zuciyarta ta fara ba ta wahala. Ina daga nawa ɓangaren ina jin komai. Ba laɓe na yi ba, na riga na faɗa muku shingen a kwance yake.

"Ka ga yadda aka kai Beulah?" ta ce da mijinta. "Kamar burodi. Tirela ta yi mata hon. Cleo, ni ba a cikin farin kwalin nan za a kai ni ba. Kai za ka kai ni, a motarka, ka tsaya mini a nan, ka tsaya mini a coci."

"Wa ya ce ke za ki riga ni?"

"Kai da ba ka sauri? Ai ko mutuwar ma sai na jira ka. Ka yi alkawari kawai."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce, "Na yi."

Daga ranar nan tsere ya tashi a gidan tsakanin tsofaffi uku: zuciyar Ola Mae, idon Cleophus, da injin mota. Alkawarin ba zai cika ba sai idon da injin sun fi zuciyar daɗewa, kuma dukkansu ukun tare suke gangarowa. Maganar idon ɓoye ta yake yi, amma ni ba a ɓoye mini abu. Wata safiya na fito na same shi ya cire hula yana gaida rigata da ke shanye a igiya.

"Ta amsa?" na tambaye shi daga bakin ƙofa.

"Ta fi ki ladabi," in ji shi, ya mayar da hularsa.

'Yarsu Loretta tana aiki a Birmingham. Duk zuwan da za ta yi sai an yi rigimar makulli. "Baba, ka ba ni kafin ka take ɗan wani." Shi kuma ya ce motar ba ta zuwa ko'ina. Gaskiya ne, ba ta zuwa. Kowace Asabar zai wanke ta, ya duba mai, ya tayar da ita da addu'a da lallashi, ya kai ta ƙarshen layi ya dawo. In ya fito sai ya daɗe riƙe da murfin ƙofa kafin gwiwarsa ta yarda ta ɗauke shi. Na sha ganinsa zaune a kan bokiti, tsumma a hannu, ba barci ba, ba ido biyu ba. Gajiya ce irin wadda kwanciya ba ta maganinta. Da dare jinya, da rana mota. Ola Mae kuwa ba ta taɓa yarda ta shiga motar ba, ko da ruwan sama ake yi ranar Lahadi. "Sau ɗaya zan shige ta," take cewa, "kuma ba a zaune ba."

Abin ya faru ne wata ranar aiki da hantsi, cikin tsananin zafin watan Yuli, duk masu ƙarfi da masu mota a layinmu suna kamfanin tarwaɗa. Ola Mae ta fito shanya, na ga zanen gado ya faɗi, na ga ita ma ta bi shi. Kafin in tsallaka shingen leɓɓanta sun canja launi. Na ruga na buga waya. Matar da ta ɗauka ta ce motar asibitin tana can ƙarshen gunduma wurin wani haɗari, mu jira. Na ce mata zuciyar ba ta san jira ba. Ta ce in kwantar da hankalina.

Da na dawo na tarar Cleophus ya janyo tsohon gadon motar mai tayoyi daga rumfa, ya koma yana fama da fayafayan tagogi. Shekara da shekaru ba a kwance su ba, tsatsa ta cinye notunan. Sifana ta zame ta yanke masa hannu, jini yana ɗiga, bai bari ba.

"Mista Gaddis, bar ƙarfen nan ka zo mu ɗauke ta."

"Ba zan sa ta a ciki da waɗannan a jiki ba. Da ranta."

Ola Mae tana kwance a ƙasa, kanta a cinyata. Da ƙyar muryarta take fita. "Cleo, in ka tsaya cire su, kafin ka gama sai dai ka mayar da su."

Ya yar da sifanar. Mu biyu muka ɗora ta a gadon, ba ta fi kwandon wanki nauyi ba a lokacin, muka tura ta ciki. Na hau na zauna a 'yar kujerar gefe. Motar da take ba shi wahala kowace Asabar, ranar nan bugu ɗaya ta tashi.

Hannunsa da kansa ya kai ga fitilu ya kunna. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce tunda shi ba ya ganin mutane sosai, gara su su gan shi. Wataƙila haka ne. Ni dai na ce sabo ne. To ga baƙar mota ta fito daga gidan Gaddis, fayafayai a ɗaure, fitilu a kunne, tana tafiya a hankali, kuma kowa a garin ya san Ola Mae ba ta da lafiya. Ba wanda ya tsaya tambayar ina aka taɓa fita da gawa ba sanarwa. Idonsu ya ga abin da ya daɗe bai gani ba, jikinsu ya yi abin da ya saba.

"Taka totur, tsoho," nake ce masa ta ƙaramar tagar da ke tsakaninmu. "Ba biki za mu ba."

"Ina takawa."

"Da wace ƙafar?"

Ya sunkuyo har hancinsa yana neman taɓa sitiyari. Gaskiyar magana, da ya yi gudu da mun ƙare a cikin tafkin kifi mu uku. Abin da ya cece mu shi ne titin ya dare masa gida biyu. Ba mota ɗaya da ta rage a gabansa. Makaho ya sami hanya tasa shi kaɗai.

Ola Mae ta ja gefen rigata. "Me ya sa gari ya yi tsit?"

Na ɗaga labulen ƙofar baya na leƙa. Motoci a jere a gefen titi. Wasu kuma sun fara shigowa bayanmu, suna kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya.

"Ola," na ce, "ina jin dai kin mutu."

Ta rufe ido, na ɗauka suma ta yi. Ashe dariya take nema ba ƙarfi. "Wa da wa?"

Na shiga lissafa mata. Dikin Purifoy, dattijon cocinmu, ya fito daga shagon aski da kumfa a rabin fuska, hula a hannu. 'Yan matan wurin wanki sun jeru a bakin ƙofa. Direban motar katako ya sauka daga kan titi har tayarsa ta shiga kwata. Mista Langley mai shagon kayan gini, farar fatar da Ola Mae ta yi wa uwarsa aikin gida tsawon ƙuruciyarta bai taɓa ce mata Misis ba, yana tsaye a rana, kai a sunkuye.

"Hattie Pearl fa?"

Hattie Pearl ita ce wadda ba sa magana da Ola Mae tun rigimar kek ɗin bikin coci. Na duba. "Ga ta can tana fitowa da mota da baya. Ta take furanninta."

"Tana kuka?"

"Har da majina."

"To, ya yi," in ji Ola Mae.

Hanyar asibiti ta gaban cocinmu ta bi. Muna zuwa saitin ƙofar na ji motar tana rage tafiyar da dama ba ta da ita. Ƙafarsa ce ta tafi birki. Na buga gilashin da tafin hannu, na kira shi da sunayen da ba zan rubuta a nan ba. Tsoro ne ya kama ni, don ina riƙe da hannunta ina jin yadda yake yin sanyi.

"Ƙyale shi, Verlene," ta ce. Sannan ta tattara abin da ya rage mata na murya. "Cleo. Tsaya yadda ka saba."

Ya tsaya. Numfashi ɗaya, kamar yadda ya yi wa kowa. Ina ganin ƙeyarsa, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Motocin baya duk suka tsaya. Ba hon, ba magana. Sannan ya saki birki.

Mun isa asibitin gunduma da jerin motoci har bakin titi. Ma'aikatan suka fito suna kallonmu, wata tana nuna mana ƙofar baya inda ake karɓar gawa. Cleophus bai ga tukunyar furen siminti da ke bakin ƙofa ba, ya ɗauke ta da gaban mota. Na buɗe baya na ce su zo da sauri, mai rai ce. Da aka janyo gadon, Ola Mae ta ɗaga yatsu biyu ta gaida jama'a.

Hattie Pearl ta tsaya da hankici a hanci. "Ola Mae Gaddis, ba ki da kunya. Na riga na aika a yanka kaji."

"A soya su," in ji Ola Mae, aka wuce da ita.

Ta tashi daga wannan kwanciyar. Likita ya ce da mun jira motarsu da ba haka ba. Abincin makoki kuwa bai fasa zuwa ba, tunda an riga an ɗora: soyayyar kaza, burodin masara, wake, kek ɗin dankali. Muka ci har muka gaji, Hattie Pearl ta kawo nata kek ɗin da kanta ta zauna a bakin gado ana gardamar sukari.

Loretta ta zo washegari. Ta zagaya ta kalli gaban motar da ya lotse, ta kalli hannun ubanta a naɗe. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa tafin hannu kawai. Ina tsaye ina jiran rigima, sai na ga ya laluba aljihu ya ba ta makullin. Ta sa aka cire batir ma. Ya je ya zauna a kan bokitinsa.

Bayan an sallamo Ola Mae, wata yamma suna baranda, na ji ya ce, "Yanzu alkawarin fa?"

"Ka cika."

"Da ranki aka yi. Bai shiga lissafi ba."

"Jana'izar wa ce, tawa ko taka? Ni zan faɗi wadda ta shiga."

"A ƙofar gida ma ban tsaya ba."

"Daga gidan muka fito, tsoho. Shekara nawa na yi a tsaye a cikinsa?"

Bai yarda ba. Na san bai yarda ba, don Asabar ta gaba na gan shi da bokiti da tsumma yana wanke motar da ba batir.

Cikin hunturu Ola Mae ta rasu, a gidan Loretta a Birmingham, inda aka kai ta don ta fi kusa da likitoci. Aka dawo da gawar garinmu, kamfanin ne ya yi komai, da farar motarsa da yaron direbansa. Daga coci zuwa maƙabarta Loretta ce ta tuƙa mu, ni da Cleophus muna kujerar baya. Ta roƙi yaron ya bi ta cikin gari, ya ce akwai wata jana'izar tana jiransa da rana. Aka bi sabon titi. Manyan motoci suna wuce mu suna watsa mana ruwan kwata. Ina kallon ƙafar Cleophus, tana danna dandamalin mota, tana neman birkin da ba shi a wurin.

Can ya juyo wajena. A lokacin idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. "Sista Verlene, sun tsaya?"

Loretta ta kalle ni ta madubi, tana roƙona da ido in ce e. Amma ni ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, tsokana kawai nake yi masa.

"Ba wanda ya tsaya," na ce. "Sun riga sun tsaya tun watan Yuli. Ka san mutanen garin nan, ba sa yi wa mutum abu sau biyu. Kuma cikin duk waɗanda ka ɗauka a rayuwarka, wa ya taɓa tambayar wa da wa suka cire masa hula, aka ba shi amsa?"

Muka wuce tafkunan kifi. Ƙafar ta daina dannawa.

"Faɗa mini su kuma," ya ce. "Ni ban gan su ba ranar. Titi nake nema."

Sai na fara daga Dikin Purifoy da kumfarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda yake so, har farar motar ta yi mana nisa. Loretta ba ta bi ta da gudu ba. Da muka isa sun daɗe da buɗe ƙofa suna jiranmu, yaron yana duba agogo.

Motar tana nan har yau, tayoyinta sun zauna, kyanwata ta haihu a ƙarƙashinta. Ya daina wanke ta. Wani lokaci da yamma yakan lalubo hanya ya zo ya jingina da ita, ya kira ni in sake lissafa masa mutanen. In na tsallake direban katako sai ya gyara mini. Jiya na ce masa tunda ba ta da sauran aiki, a samo masu ƙarfi su juyar da ita ta daina kallon tagata.

"Bar ta," ya ce. "Ta gaji. Mu duka mun gaji."

"To kai wa zai kai ka?"

"Duk wanda ya samu. Ke dai ki tsaya a bakin ƙofa in za a wuce."

"Ta sabon titi za su bi."

"Ki tsaya dai," in ji shi.